Takardar da Na Manta a Cikin Alabe

Assalamu alaikum, jikokina masu karatu a fuskar waya. Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta rubuto cewa, "Hajiya Balki, don Allah ki daina ja mana rai, ki faɗa mana ko kin aure shi." Ɗiyata, da yatsa guda nake danna baƙaƙen nan, kuma yatsan ya haura shekara tamanin. Ki yi masa uzuri.

Ga wanda yau ya fara zama a tabarmata: sunana Balki, badukiya ce ni, haifaffiyar Agadas. A shekarar 1966, zamanin Diori, ina da shekara ashirin da shida, bazawara, domin mijina na fari ya rasu. Ina zaune a gidan ƙanen mahaifina, Baffa Nomau, dillalin raƙuma, da matarsa Inna Habsa. A shekarar nan ce na shiga ajin yaƙi da jahilci na mata, na fara riƙe kiriyo, wato fensir, da hannun da bai san komai ba sai basilla. A shekarar ce kuma wani mai garka, wato mai lambu, daga ƙauyen Dabaga, Hamidu, ya fara yi mana sallama kowace Juma'a, da jakinsa da kayan garka, da sunan yana son a ɗinka masa alabe.

Yau na fiddo takardu uku daga ƙasan adaka, ga su a cinyata, sun yi ja kamar fatar da ta sha jima. Rubutu ɗaya ne, sau uku na yi shi. Ta farko tana sa ni in rufe fuska har yanzu, ta biyu tana ba ni dariya, ta uku kuwa ita ce ranar da na fara zama mai rubutu. Bari ku ji yadda aka yi.

Wata rana bayan azahar Baffa yana zaune a inuwar rumfa, shayinsa na tafasa a kan gawayi, ni kuma ina yanka jar fata a gefe. Ya ce, "Balki, mutumin nan ya kawo albasa sau huɗu, tumatir sau uku, tafarnuwa ban ƙirga ba. Gidan nan ya ci, maƙwabta sun ci. Me zan ce masa?"

Na ce, "Ka ce masa mun gode, Baffa."

"Godiya ce ta taso shi daga Dabaga?"

Na sunkuyar da kai ina yanka inda ba ya bukatar yanka.

Ya ajiye ɗan kofinsa ya ce, "Saurara, ɗiyata. Ke bazawara ce, ba mai ɗaura miki aure sai da bakinki. Wannan addini ne ya ba ki, ban isa in karɓe ba. Amma lakwal, makarantar bokon nan taku, ni na ba ki izininta, kuma wanda ya bayar yana iya karɓa. Tun da kika fara zuwa wurin Madam ɗin nan, duk wanda ya zo sai ki ɗaga hanci. Ni dillali ne, ba na sayen raƙumi da 'ba na so', ba na sayar da shi da 'ina so'. Kafin Biyanu ki kawo mini hujja. Hujja na ce, ba hawaye ba. In ta tsaya da ƙafarta, ki ci gaba da karatunki. In ta faɗi, ki aure shi ko kada ki aure shi, wannan ruwanki, amma ƙafarki da lakwal sun yi bankwana."

Biyanu, bikin garinmu na sabuwar shekara, saura kwana goma sha biyu.

Malamarmu Madam Ramatou ƴar Damagaram ce, siririya, da agogo a hannu da jan kiriyo a soke cikin kallabi. Mu mata goma sha huɗu muke zama a gabanta bayan la'asar, ƙaramarmu ta haifi uku. Kamar ta ji abin da ke cikin gidanmu, a satin nan ta ce kowace ta zaɓi magana guda, ta ɗauki ɓangare, ta rubuta dalilanta yadda mai ja da ita zai sakko. Wata ta zaɓi tafasa ruwan sha. Wata ta ce za ta kare gero a kan masara. Ni kuwa na buɗe kaye, littafin rubutuna, na rubuta a sama da manyan baƙaƙe: Dalilan da suka sa ba zan auri mai garka ba.

Jama'a, hannuna bai taɓa gudu irin na ranar ba. Dalili tara na jera. Na ɗaya, yana warin albasa. Na biyu, wuyansa irin na raƙumin da ya hango dabino. Na uku, in zai yi magana sai an jira, kamar guga a rijiya mai zurfi. Na huɗu, bijimin da ke ja masa ruwa ya fi shi fara'a. Na biyar, babu kowa a Dabaga sai sauro da kwaɗi. Na shida zuwa na takwas ba zan maimaita su ba, domin yanzu ina da jikoki. Na tara, bai san baƙi ba, ko sunansa aka rubuta masa zai zaci sawun kaza ne.

Da na karanta a aji, Indo mai fura ta yi dariya har goyonta ya farka. Na zauna ina hura hanci, na ce a raina duk Agadas babu mai alƙalami kamata. Madam ba ta yi ko murmushi ba. Ta zare jan kiriyo daga kallabi.

"Bon. Kin iya zambo, Balki. Wa kike son ki shawo kansa da wannan takarda?"

"Baffana."

"Shi ma zai yi dariya kamar Indo. In ya gama sai ya hana ki lakwal. Dariya tana buɗe baki, ba ta sake wa mutum shawara." Ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya tana ja musu jan layi, ina ji kamar a bayana take ja. "Wannan ta gwaji ce. Je ki sake."

Na ce, "Madam, mu a sana'armu ba a sakewa. In basilla ta huda fata, ramin ya zauna ke nan."

Ta ce, "Takarda ba fata ba ce. Abin da ta fi baki ke nan: tana barin mutum ya janye maganarsa kafin a ji."

Kafin a ji. Ku riƙe wannan.

Na koma gida na zare zagi kamar mai tsince tsakuwa a cikin shinkafa. Da na gama tsinta sai na tarar babu shinkafar. Ga takarda ta biyu a hannuna, layi biyu ne kacal: "Ba na son in auri mai garka. Dalili kuwa shi ne ba na so." Madam ta juya bayanta ta duba ko akwai ci gaba.

"Kin wanke tukunya fes," in ji ta, "saura abinci. Kuma ina bakinsa? Ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Ki rubuta abin da zai faɗa in yana tsaye a gabanki, maganarsa mafi ƙarfi, ba mafi rauni ba. Sannan ki ba ta amsa."

"In na ba shi baki ya kayar da ni fa?"

"To da ma ba a tsaye kike ba."

Na dawo ina gunaguni. Ni da nake neman hanyar korarsa, an ce in zama mai ba shi kariya. Don in huce sai na ɗauko alabensa na ƙarasa: jar fata, da koren ado a goshi, da tuntaye har ƙasa, aljihu uku a ciki. Gaskiya na zuba masa aiki, kuma kada wata ta tambaye ni dalili. To, mu dukawa muna da al'ada: in an gama alabe rini bai bushe sarai ba, sai a ninka takarda a cusa a aljihun ciki don kada fata ta manne da ƴar'uwarta. Shuɗiyar takardar kan sukari muke sawa. Ranar kuwa takardar sukarin ta ƙare mini. Hannuna ya laluba ƙarƙashin tabarma, ya sami takarda, ya ninka huɗu, ya cusa. Hannu ne ya yi abin da ya saba, kai yana can wajen Madam.

Kashegari ina lakwal, Hamidu ya biyo da wani uzuri, Inna ta miƙa masa alabensa.

Kwana biyu bayan nan Inna ta dawo daga kasuwa, ko ƙwarya ba ta sauke ba ta tsaya a kaina.

"Balki! Wuyan wa ya yi kama da na raƙumi?"

Basilla ta faɗi daga hannuna.

"Mai nama ya tambaye ni, mai gishiri ya tambaye ni, har makauniyar bakin masallaci ta ce in gaishe da mai dalili tara!"

Ga abin da ya faru. Bawan Allah ya buɗe alabe ya ga takarda a ninke, da rubutun boko. Me namiji zai zata in ya ga takarda a cikin abin da mace ta ɗinka masa da hannunta? Ya naɗa sabon rawani, ya nufi gindin itacen da ke kusa da gidan waya, inda wani mai rubuta wa mutane wasiƙa yake zama. Mutumin nan kuwa Allah ya ba shi murya irin ta mai shela, bai iya karatu a hankali ba. Maza goma sha biyu suna jiran layi. Ya gyara zama ya karanta daga na ɗaya har na tara, jan layin Madam bai hana shi ganin ko harafi guda ba.

Na ce, "Inna, shi kuma me ya ce?"

"An ce ya saurara har ƙarshe, ya ce a maimaita masa na biyar, ya ninke takardarsa ya tafi."

Baffa ya shigo da yamma, bai dube ni ba. Yana alwala ya ce da buta, "Saura kwana biyar."

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka ji sallamar Hamidu. Na ɗaura zanen shuni mai ƙyalli, na sa farar riga mai aiki a wuya, na sa ƴan kunnen azurfa na mahaifiyata, na ja kwalli. Haƙuri zan ba shi, ai mai ba da haƙuri ba ya fita a hargitse. Abin da na gaya wa Inna ke nan, ita kuwa ta ce, "Uhm," ta ɗauki kujera ta zauna a bayan ƙofar zaure, wai nan iska ta fi.

Yana zaune a tabarma, shunin rawani ya ɓata masa kunci, alabena a rataye a wuyan nan da na yi wa waƙa. Muka gaisa. Na jira guga.

"Gyara na kawo," in ji shi.

"Ɗinkin ne ya saki?"

"Alabe ba shi da aibu. Takardar ce ke da ɓaraka." Ya fiddo ta ya shimfiɗa a gwiwa, a juye, ƙasa a sama. Na so in yi dariya, kunya ta hana ni. "Albasa, gaskiya ne, ban musa ba, kin kuwa ci ta a miya. Wuya, Allah ne ya yi, kuma da shi na fara hango ki ta kan katangar nan, ba zan raina shi ba. Guga, shi ma gaskiya ne, sai dai gugan da ya jima yakan zo da ruwa. Batun bijimi, zan isar masa, zai ji daɗi."

Muka ji kujera ta motsa a bayan ƙofa.

"Na biyar fa. Kin taɓa zuwa Dabaga?"

"A'a."

"To wa ya gaya wa takardar?"

Na ce, "Na tara kuma fa? Ai ko riƙe ta ba ka iya ba."

Ya dubi takardar, ya dube ni. "Wannan mu bar shi tukuna." Sannan ya ce, "Ba zagin ya dame ni ba, Balki. Na kasa kunne daga farko har ƙarshe in ji abin da kike tsoro, ban ji ba. Duk taran a kaina suke, babu ko ɗaya a kanki. Mu masu garka, in ruwa ya ƙi isa fangali, ba ma zagin fangali. Sai mu bi hanyar ruwa da ƙafa har mu ga inda ta toshe."

Ya ajiye takardar a tabarma, ya yi sallama, ya kwance jakinsa.

Jikokina, na sha gyara a hannun malamai daga baya, har na waɗanda suka yi karatu a Yamai, amma ban taɓa samun gyara irin na mai albasan nan ba. Da safe bayan na share tsakar gida na zauna da kaye, na bi hanyar ruwa. Ba wuyansa ba ne. Ba warin albasa ba ne. Na yi ta bi har na isa wurin, na rubuta layin da ya fi kowane wuyar fita: Ba Hamidu nake gudu ba. A Dabaga babu ajin mata, ni kuwa yanzu na fara gani.

Daga nan sauran suka biyo kamar awaki a bayan uwarsu. Na ba shi bakinsa kamar yadda Madam ta ce, ban rage masa komai ba: cewa Baffa yana tsufa kuma yana son ya ga na zauna, cewa mutumin yana da sana'a da rijiya tasa, cewa wanda aka tozarta a gaban maza goma sha biyu ya zo bai ɗaga murya ba, ba kullum ake samun irinsa ba. Wannan sashen ya yi ta tsawo har na tsorata, na ce kai, Balki, wa kike karewa? Sannan na ba da amsa: albasa ma ba a tuge ta kafin ta ƙosa. Karatuna saura shekara guda. Wanda ya bar shi yanzu, duk ransa zai riƙa kai asirinsa gindin itace a karanta masa a gaban jama'a, kuma kowa ya ga abin da wannan ke jawowa.

Madam ta karanta a tsaye, sau biyu. Jan kiriyo ya sauka a wuri ɗaya tak, a kan layin da na ce muryar mai karatun wasiƙa tana tayar da raƙuma har can garin Ingal.

"Madam, ai shi ya fi daɗi!"

"Shi ya sa. Daɗinsa naki ne, ba na hujjar ba."

Har yau in na rubuta layin da ya fi burge ni, shi nake fara tuhuma.

Ranar da aka fara jin gangunan Biyanu daga gabas da gari, Baffa ya sa aka shimfiɗa tabarma a rumfa. Ya aika aka kira Hamidu, domin a cewarsa dillali ba ya rufe ciniki da mutum guda. Na tsaya na karanta. Da na zo inda nake yabon haƙurinsa, ban ɗaga ido ba, amma na ji Inna ta yi tari irin wanda ba na ciwo ba.

Baffa ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce, "Na duba haƙoranta, na duba ƙafafunta. Ta tsaya. Lakwal taki ce har shekara." Ya juya. "Mai garka, kana da ta cewa?"

Muka jira guga. Hamidu ya cire alabe daga wuya ya ajiye a gabana. "Wannan karon ɗinki ne, ta ciki. A duba mini." Ya miƙe ya tafi kallon biki.

Ni na san aikina, babu inda ya saki. Na zare murfin na sa yatsa a aljihun ciki, na ji takarda a ninke huɗu. Na warware. Shafi guda cike, da baƙar tawada, rubutun ajami, layuka a miƙe kamar fangalan albasa, hannu mai kyau irin na wanda ya sauke Alƙur'ani. Ni kuwa surorin salla da ka na koye su, ban taɓa riƙe allo ba. Na juya ta sama, na juya ta ƙasa.

Baffa ya ce, "A juye kika riƙe."

Dalili na tara, wai bai san baƙi ba. Shi kaɗai ne na rantse a kansa, kuma ban taɓa tambayar kowa ba.

Na miƙa masa ita da hannu biyu. Ya nisantar da ita daga ido, leɓɓansa suna motsi. Ya yi layi ɗaya, ya yi na biyu. A na uku gemunsa ya fara rawa. Ya ninke ta da sauri ya mayar mini.

"Wannan ba ta bakina ba ce."

"To Baffa, wa zai karanta mini?"

"Akwai mai karatu a gindin itace, an ce muryarsa tana fita."

Inna ta tuntsire da dariya har ta dafa bango.

"In ba ki so," in ji Baffa yana zuba shayi, "sai ki koya. Na ji an ce wanda ya rubuta ta yakan shigo gari kowace Juma'a."

Takardu uku na ce muku suna cinyata. Akwai ta huɗu a ƙarƙashinsu, ita ba ta taɓa shiga hannun kowa ba tun ranar. Wata biyar na yi kafin in iya haɗa layinta na farko da idona. Saboda haka ke mai tambaya ko na aure shi, ni da aka rubuta wa na jira wata biyar. Gyara zamanki.